Lissafin Damina a Zogona

Wata doguwar magudanar ruwa ta siminti ta ratsa unguwar Zogona a birnin Wagadugu, ta bi ta gefen Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, ta gangara dajin Bangr-Weogo. Da rani ba mai waiwayarta. Yashi ne kwance a ciki da ledoji, sai ɗan ruwan wanki siriri da ke bin tsakiya, ɗalibai kuma na ta haye gadojinta a kan babura kada lacca ta wuce su. Amma faɗinta da zurfinta ba da ka aka yi su ba. Injiniyoyi ne suka zauna da littattafan awon ruwan sama na shekarun baya, suka duba ruwa mafi ƙarfi da aka taɓa rubutawa, suka ƙara ɗan rara, suka ce wannan ya isa. Duk magudanan birnin a kan tunani ɗaya aka gina su, cewa abin da sama ta saba yi shi za ta ci gaba da yi.

Ranar Talata 1 ga Satumba 2009 wannan tunani ya rushe. Ana cikin azumi, ruwa ya kece tun da duhun asuba, bai ɗauke ba sai da aka auna milimita 263 cikin kusan awa 12, a birnin da ruwan shekararsa gaba ɗaya ba ya wuce 800 da yawa. Madatsun ruwa uku na arewacin gari suka cika suka tumbatsa. Ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo har sai da aka kwashe marasa lafiya, ya shiga ma'ajiyar finafinan Afirka ta FESPACO ya jiƙa abin da aka yi shekaru ana tarawa. Gidajen ƙasa suka jiƙe daga gindi suka zauna. Mutum kusan 150,000 ambaliyar ta shafa, dubbai suka kwana a azuzuwan makarantu, daga baya aka yanka wa da yawansu filaye a Yagma, can bayan gari.

Dattawan da suka tsaya bakin titi a ranar suna kallon ruwa na tafiya da motoci, samari ne a 1973, lokacin da shugabannin ƙasashen Sahel suka taru a wannan birni saboda ruwa ya ƙi zuwa. A Satumban shekarar aka kafa CILSS, kwamitin ƙasashen yankin na yaƙi da fari, wanda har yau hedikwatarsa na Wagadugu. Shekara 36 ne kawai tsakanin taron fari da ranar ambaliya. Tarihin hasashen yanayi da kwamfuta a wannan yanki yana tsakanin waɗannan ranaku biyu, kuma ya cancanci a waiwaye shi a tsanake, don ya taɓa mutuncin manomi da makiyayi fiye da yadda aka sani.

Kafin kwamfuta ai ba a zaune ake da jahilci ba. Hausawan da suka kafa zango a Wagadugu fatake ne na hanyar Gwanja, masu sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro, kuma madugun da bai san lokacin da rafi zai kawo ba ya kai ayari gida. Tsohon zangonsu, Zangwetin, an rushe shi a 2003 don gina sabuwar cibiyar kasuwanci, jama'arsa suka bazu cikin unguwannin birni, amma jikokinsu masu sayar da hatsi da dabbobi da mahauta har yau kunnensu na kan damina, don ita ke yanke farashin buhu da na rago. A ƙauye kuwa manomi na da alamominsa. Yana duban dawowar shamuwa, da ɓuyar Kaza da 'ya'yanta a sararin sama, da juyawar iska daga gabas zuwa ta bazara, da yadda itatuwa suka yi 'ya'ya. Idan ruwa ya yi jinkiri a fita roƙon ruwa. Waɗannan alamomi suna faɗin cewa damina ta kusa. Abin da ba su taɓa iya faɗa ba shi ne me ya sa ta ƙi shekara biyar a jere.

Daga 1968 zuwa 1973 haka ta yi, ta sake maimaitawa da muni a 1983 da 1984. Ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka gwada da na shekarun 1950. Shanu suka zube a hanya, rijiyoyi suka ƙafe, mutanen karkara suka kwararo birni. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don ta horar da masu awon ruwa da yanayi ta kuma tattara alƙaluma. Duniya kuma ta shiga tambayar wane ne ya jawo.

Amsa ta farko da ta yi kaurin suna daga bakin babban malami ta fito. Jule Charney, Ba'amurke, shi ne ya jagoranci hasashen yanayi na farko da aka yi da kwamfuta, a kan na'urar ENIAC a 1950. A 1975 ya kawo bayani mai kama hankali. Ya ce ƙasar da aka kiwace ciyawarta aka sare itatuwanta takan yi fari fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta sha shi, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta kwanta, hadari ya kasa tashi, ƙasa ta ƙara bushewa. An gwada wannan a kwamfuta, ta kuma nuna cewa hakan na iya faruwa. Charney hasashe ya kawo don a bincika, amma masu rubuta rahotanni suka ɗauke shi hukunci. Ya dace da abin da da ma ake son faɗa. Bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, magana ta zauna daram cewa makiyayi da akuyarsa, da mace mai saran itacen girki, da manomi mai share daji, su suka kori ruwa da hannunsu. Shekara da shekaru a kan wannan zargi aka tsara ayyukan agaji da dokokin gandun daji, talakan da yunwa ta ci aka kuma ɗora masa laifin yunwar.

Na'urar da ta taimaka wajen ɗora laifin, ita ce kuma ta sauke shi. Don a gane yadda aka yi, sai an san abin da ake nufi da samfurin yanayi. Sama da teku da ƙasa ne na lissafi, waɗanda ake ginawa cikin kwamfuta. Ana yanyanka duniya gida-gida, kowane gida da hawa-hawansa daga doron ƙasa zuwa can sama, a rubuta wa kowanne zafinsa da danshinsa da nauyin iskarsa da inda take kaɗawa. Sai a saki ƙa'idojin kimiyyar motsi da zafi su yi aiki, kwamfuta ta lissafa abin da zai faru bayan minti kaɗan, ta ɗora na gaba a kai, har ta cika shekara ko ƙarni. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya tsara wannan dabara tun 1922, ya kuma ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a riga sama. Syukuro Manabe, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, shi da abokin aikinsa suka lissafa tun 1967 yadda ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya. Fa'idar samfuri ita ce ana iya yi masa tambayar da ba a iya yi wa duniya ta gaske, a canja abu ɗaya a bar sauran a ga me zai biyo baya.

A 1986 masana uku na hukumar yanayi ta Birtaniya, Chris Folland da Tim Palmer da David Parker, suka lura cewa shekarun farin Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. Suka sa wannan bambanci a samfurinsu, ruwan Sahel ya ragu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarasa magana. Suka ba samfuri zafin saman teku yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya masa an sare ko itace ɗaya ba, ba su ƙara masa ko akuya ɗaya ba. Sai ga shi ya fitar da yalwar ruwan shekarun 1950, ya kuma fitar da farin shekarun 1970 da 1980. Ashe jijiyar farin tana teku. Lalacewar ƙasa na iya ƙara masa tsanani, wannan ba a musa ba, amma ba ita ta haife shi ba. Wasu bincike, tun daga na Leon Rotstayn da Ulrike Lohmann a 2002, sun ƙara nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antu da tashoshin gawayi na Turai da Amurka ya tare hasken rana ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya taimaka wajen ture hanyar hadari zuwa kudu.

Wannan wankewa ta yi jinkiri, kuma har yau ba ta isa kunnen waɗanda aka zarga ba. Babu wanda ya koma rugar Fulani a Dori ko gonar Bahaushe a Tawa ya ce an yi kuskure. A littattafan makaranta da jawaban ranar dashen itace ana ta maimaita tsohon labarin. Dashen itace alheri ne, haka ramukan zai da marigayi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da su a Yatenga, waɗanda manoman Nijar ke kira tassa. Amma a yi su don gyaran ƙasa da amfanin mai ita, ba don biyan bashin laifin da bai aikata ba.

Gano hannun teku ya buɗe wata ƙofar. Edward Lorenz ya nuna tun 1963 cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yakan girma ya ɓata hasashen nan gaba, shi ya sa ba a iya faɗin ruwan takamaiman rana fiye da mako biyu. Amma teku nauyin jiki gare shi, zafinsa ba ya sauyawa sai a hankali. Wanda ya san yanayin teku a Afrilu yana da abin faɗa game da damina dunƙule. A kan haka aka fara taron hasashen damina na Afirka ta Yamma, PRESAO, a Abijan a 1998, ƙarƙashin ACMAD da AGRHYMET, dukansu cibiyoyi ne da ke Yamai. Masana na kowace ƙasa su zo da nasu lissafi, a gwama da na manyan cibiyoyin duniya, a fitar da taswira. A kan kowane yanki akan rubuta lambobi uku, alal misali 45 da 35 da 20, wato yiwuwar ruwa ya fi na kullum, ko ya zo daidai, ko ya gaza.

A shekarar nan ta 1998 gwamnatin Burkina Faso ta bi wata hanyar daban, ta fara shirin Saaga da taimakon Maroko, inda ake watsa sinadari cikin gajimare don a sa shi ya zubar. An daɗe ana muhawara a kan amfaninsa, domin ba a iya sanin ko gajimaren da ma zai zubar da kansa. Yana dai nuna inda hankalin mahukunta yake a lokacin. Ƙarancin ruwa ne kaɗai abin tsoro.

Su kuwa lambobi ukun na taswirar hasashe, da aka kai su ƙauye sai aka tarar ba su ne abin da ake tambaya ba. Carla Roncoli da Keith Ingram da Paul Kirshen sun yi shekaru suna zama da manoma da makiyaya a yankunan Boulsa da Dori da kudu maso yammacin ƙasar, suna bin yadda ake karɓar hasashe. Manomi bai damu ƙwarai da jimillar ruwan shekara ba. Tambayarsa ita ce yaushe ruwan shuka zai sauka, ko zai ɗauke bayan gero ya tsiro har a yi asarar iri, da ko zai kai lokacin da dawa ke fitar da kai. Damina na iya cika milimitocinta a ƙarshe, gona kuma ta mutu tun Yuni saboda kwana 20 da aka yi ba ɗigo. Wanda ya yi binne ya san wannan caca sarai. Abin yabo ne cewa masana sun saurara. Taron da yanzu ake kira PRESASS, wanda ake yi wajen ƙarshen Afrilu, yana faɗin ko damina za ta faɗi da wuri ko a makare, da tsawon tsaikon ruwa a farko da ƙarshe, da yadda koguna za su kawo. A 2008 kuma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta nemi kuɗi tun ambaliya ba ta zo ba, bisa hasashen damina kaɗai, ta ajiye kayan agaji a Dakar da Akara da Yawunde. Da ruwan ya zo, kaya suka isa ga jama'a cikin kwanaki maimakon makonni.

To me ya hana a ga ruwan 2009 tun daga nesa? A nan raunin samfuri yake. Kowane gida a samfurin duniya yakan kai faɗin kilomita 100 ko fiye, gajimaren hadari kuwa bai wuce 'yan kilomitoci ba. Rariya ce mai manyan huji, tsaki ya tsaya gari ya zube. Abin da samfuri bai iya gani sai a ƙiyasta masa shi da wata ƙa'ida, ƙa'idar kuma takan sa ya riƙa yayyafi kusan kullum da tsakar rana. Duk wanda ya tashi a Sahel ya san ba haka ake ruwa ba. Hadari kan haɗu ne a gabas, sau da yawa a kan duwatsun Azbin ko tsaunukan Jos, ya yi baƙi ƙirin da la'asar, ya turo iska da ƙura a gabansa, ya zubar da ruwa a awa ɗaya ko biyu, ya wuce yamma yana tafiya har cikin dare. Irin waɗannan manyan hadura masu tafiya a jere su ke kawo mafi yawan ruwan Sahel, wajen kashi 90 cikin 100. Samfurin da bai iya haifar da su ba, ba abin dogaro ba ne a kan ruwan Wagadugu.

An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Shirin AMMA, wanda ya haɗa masanan Afirka da Turai da Amurka, ya cika sararin yankin da jirage da balan-balan ɗin awo a daminar 2006. A watan Agustan shekarar jirgin Rasha mai suna Geophysica, mai tashi kusan kilomita 20 sama, daga filin jirgin Wagadugu yake tashi yana bin saman gajimare. Duk da haka, wani bincike da masanan Karlsruhe ta Jamus suka fitar a 2018 ya nuna cewa hasashen ruwan kwana ɗaya zuwa biyar na manyan cibiyoyin duniya, a wannan ɓangare na Afirka, da ƙyar yake fin wanda ya buɗe tsohon kundi ya faɗi abin da aka saba gani a irin wannan rana. A kan nesa ma an yi saɓani. A 2005 samfurin Princeton a hannun Isaac Held ya nuna Sahel za ta bushe ƙwarai a wannan ƙarni, wani na Japan kuma ya nuna za ta jiƙe. Yanzu mafi yawa sun karkata ga cewa tsakiya da gabashin Sahel za su ƙaru da ruwa, yammaci wajen Senegal ya ragu. A kan zafi kam babu gardama, duka sun ce ƙaruwa zai yi.

Amsar da ta fi kusa da abin da mutanen Wagadugu suka gani ta fito a 2017. Christopher Taylor da abokansa suka bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka uku tun 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ɗumama fiye da ƙasashen kudu da ita, wannan bambanci kuma yana ƙara wa iskokin sama ƙarfin da ke ɗaure hadari ya yi girma. Sai hukumar yanayi ta Birtaniya ta gina samfuri na Afirka kaɗai, mai gidaje masu faɗin kilomita 4.5, inda hadari ke tashi da kansa ba da ƙiyasi ba. Abin da ya nuna game da ƙarshen ƙarni bai yi daɗi ba, ruwa mai ƙarfi zai ƙara ƙarfi, tsaikon ruwa a tsakiyar damina kuma ya ƙara tsawo. Tsofaffi da ke cewa ruwa ya dawo amma ba irin na da ba ne, gaskiyarsu. Gaisuwar damina dai tana nan, a ce ina ruwa, a amsa ruwa ya yi gyara, ko da mai amsawa ya kwana yana kwalfe ɗaki.

Babban sauyin da ya fi daɗi a wannan waiwaye shi ne na masu riƙe da lissafin. A zamanin Charney, ana tattauna farin Sahel ne a Boston da Landan, 'yan ƙasa aikinsu karanta ma'auni su aika. Yau wanda ya bi babban titin da ya wuce gaban jami'a, wanda aka sauya wa suna daga Charles de Gaulle zuwa Thomas Sankara a Oktoban 2023, zai tarar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna digiri na biyu a kan sarrafa kwamfuta don nazarin sauyin yanayi. Shirin WASCAL ne, wanda Jamus ke tallafa wa, mai hedikwata a Akara da cibiyar bincike a Wagadugu, yana kuma da rassa a jami'o'in Yamai da Minna da Akure. A cibiyar ta Wagadugu Mouhamadou Bamba Sylla, ɗan Senegal, ya yi aiki da samfurin yanki na RegCM, yana cikin marubutan rahoto na shida na IPCC, kwamitin duniya kan sauyin yanayi. Mai lissafin da iyayensa ke noman gero ba sai an gaya masa wace tambaya ce ta fi muhimmanci ba.

Daga wannan jami'a kuma wata dabara mai kyau ta fito. Turakun wayar salula suna magana da juna ta siginar da ke ratsa iska, idan kuma ana ruwa tsakanin turke da turke siginar takan raunana daidai da ƙarfin ruwan. Ali Doumounia da malaminsa François Zougmoré, tare da Marielle Gosset ta cibiyar IRD ta Faransa, suka karɓi bayanan kamfanin Telecel Faso na daminar 2012, a kan wani layi mai tsawon kilomita 29 a arewa maso gabashin birnin. Suka juya raunin sigina zuwa milimita, suka gwada da ma'aunin ruwa na ƙasa, abin ya dace ƙwarai. Aikin ya fito a 2014, shi ne na farko irinsa a Afirka ta Yamma.

Shekarar 2024 ta gwada abin da aka koya. A farkon Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali, ya kuma rufe Burkina Faso ana fama da ɗaukewar wuta. Wani babban asibiti a Bamako ya ƙirga mutuwar fiye da mutum 100 cikin kwana huɗu. Kafin wata ya ƙare, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta gudanar da samfura iri biyu, duniya yadda take da duniyar da ba a ƙona man fetur da gawayi ba, ta ce zafi irin wannan ba zai faru ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, kuma a Mali da Burkina Faso ta ƙara kusan digiri 1.5 da rana, digiri 2 da dare. Tambayar da ta ci shekara 30 a kan farin 1973, an amsa irinta cikin makonni. A wannan Afrilun dai taron PRESASS ya yi gargaɗin damina mai yawan ruwa da haɗarin ambaliya a Sahel. Haka kuwa aka yi. Maradi ta sha ruwa, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi a Satumba, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri ranar 10 ga watan.

An faɗa tun Afrilu, an kuma yi asara a Satumba. Wannan ba gazawar kwamfuta ba ce. Wagadugu da ba ta wuce mutum 60,000 ba a 1960 ta haura miliyan 2.4 a ƙidayar 2019, kuma baƙon da ya zo da hannu biyu ba ya samun wuri sai a kwari da bakin rafi, a unguwannin da hukuma ba ta yanka ba. Gargaɗi ba ya amfanar wanda ba shi da inda zai koma. Sannan sanarwar da aka rubuta da Faransanci da lambobi uku ba ta isa ga mai shuka ba sai an juya ta zuwa harshen Mosawa da Fulatanci da Hausa, an faɗe ta a rediyo da masallaci da kasuwa, a kan lokaci. Idan aka bari ta tsaya a hannun masu waya da karatu, babban ɗan kasuwa ne zai fara jin cewa damina za ta gaza, ya cika sito, manomi ya ji labari a farashi. Hukumar yanayi ta ƙasa, ANAM, da gidajen rediyon karkara suna ƙoƙari a nan, amma aikin ya fi ƙarfin kasafin da ake ba su.

Yanzu kuma ga sabon yayi. Samfuran da ke koyo daga tarin bayanai, irin GraphCast na Google da ya fito a 2023 da wanda cibiyar hasashe ta Turai ta fara aiki da shi a 2025, suna fitar da hasashen kwana goma cikin mintuna, ba sa kuma buƙatar katafariyar na'ura. Ga ƙasa mai ƙaramin aljihu wannan dama ce ta gaske. Sai dai daga kundin abin da aka auna a baya suke koyo, kundin Afirka kuma shi ya fi kowanne rama. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awo na nahiyar ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Burkina Faso ta yi shekaru da manyan tashoshi goma kacal, rashin tsaro kuma ya sa akwai garuruwa a arewa da gabas da malamin awo ba ya iya fita da safe ya duba ma'auni. Turakun waya kuwa suna tsaye a kowace unguwa ta Wagadugu da Kano da Maradi, kamfanoni na rubuta ƙarfin siginarsu dare da rana don kula da layukansu. Fiye da shekara goma bayan gwajin ɗaliban Zogona, abin da ya rage shi ne hukumomin sadarwa da na yanayi su zauna da kamfanonin, a sa hannu a yarjejeniyar da za ta riƙa kai waɗannan alƙaluma ofishin hasashe a daidai lokacin da ruwan ke zuba.